Ranar da Ilu Ya Shiga Rijiya a Madadina

Shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama, a shekarar nan na fara shiga rijiya. Ina tunawa sarai, domin direban babbar motar da ke zuwa ɗaukar gyaɗa a kasuwar Zango ya yi ta rantse-rantse wai hannunsa ba zai taɓa sabawa ba, mu kuwa da ko keke ba mu da shi muna ta yi masa dariya. Daminar da ta biyo baya ba ta yi kirki ba, wadda ta bi ta ma haka. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rijiyoyin da kakanni suka bar mana suka koma ba da laka, duk ƙauyen da ka leƙa ana cigiyar masu haƙa. Ban yi zaton wannan zamani zai sake taso mini ba, sai da Allah Ya kai ni zama wata unguwa a bayan birnin Kano, inda za ka sami yaro ya yi wayo bai taɓa riƙe guga ba.

Zuwana nan ba da son raina ba ne da farko. Bayan mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka kabarinta, sai babban ɗana ya tsaya kai da fata sai na bar ƙauye. Shi ne ɗan fari, don haka har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, yaron nan nake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, “Baba, ƙannena duk sun watse, wa zai riƙa duba ka in ciwon ƙirjin nan ya tashi?” Na ce, “Wanda Ya duba ni shekara saba'in.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ai Shi ne Ya ba ni gidan, Baba, Ya kuma bar ɗaki guda babu kowa a ciki.” Abin da nake gudu shi ne Kanon da na sani a da, lokacin da nake zuwa sayen siminti da rodi: cunkoso, hayaƙi, kwata a bakin ƙofa, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Na ɗaure 'yan littattafaina da allona da tawwada, na shiga mota ina istigfari kamar wanda za a kai kurkuku.

Gani ya kori ji. Da muka bar babban titi muka shiga ƙofar unguwar, maigadi ya leƙo ya gaishe ni da ladabi, sai na ji hayaniyar gari ta yanke kamar an rufe tukunya. Hanyoyi shimfiɗe da kwalta, magudanan ruwa duk a rufe, darbejiya da mangwaro jere hagu da dama, kowane gida da 'yar ciyawarsa a ƙofa. Abin da ya fara kama idona yara ne. Suna tsakiyar hanya a kan kekunansu, mota ta taho ta tsaya cak, har sai da wata 'yar mitsitsiya ta gama juya nata keken, mai motar kuwa ko tsaki bai yi ba, hannu ma ya ɗaga mata. An ware musu fili guda da lilo da yashi mai laushi, iyaye mata suna zaune a inuwa suna hira suna kallonsu. Makarantar boko da ta Islamiyya duk ƙafa ke kai yaro, babu tsallaka titi. Masallaci bai fi taku ɗari daga ƙofarmu ba, shimfiɗarsa da taushi har gwiwoyina da suka daɗe suna kuka suka yi shiru. Akwai ɗan asibiti a kusurwa, can aka gano maganin da ya kwantar mini da ƙirji. Maƙwabcinmu na dama likita ne Bayarabe, na hagu Babarbare ne ma'aikacin banki, kuma ranar da na kwanta zazzaɓi dukansu sun shigo da ƙafarsu sun ce, “Baba, ya jiki?” Na sha jin ana cewa masu hali ba su san maƙwabci ba. Wataƙila a wani wurin. A nan dai na ga ana suna kowa ya hallara, ana rasuwa kowa ya fito, har taro suke yi duk wata su tattauna fitilar da ta mutu da bishiyar da ke son sassabe.

Ba zan ce ban yi kewa ba. Kunnena ya saba farkawa da luguden mata a turmi, da kukan jaki, da ƙarar guga yana dukan bangon rijiya, da muryar tsohuwa tana kiran akuyarta da suna. A nan tsuntsaye ne kawai, sai motar makaranta. Amma ni da na san abin da ke bayan wancan luguden, ba zan yi wa jikokina fatansa ba. Na ga mace mai ciki wata takwas ta ɗauko tulu daga nisan da namiji zai yi haki. Na ga yara da kumburin ciki saboda ruwan tafki. Mahaifiyata takan ce ruwa baƙo ne, in ya zo gidanka ka tashi tsaye, kuma ko ruwan da ta wanke hatsi da shi ba ta zubarwa sai ta ba tumaki. Yau ga shi a ɗakin da aka ba ni, in na murɗa nan mai sanyi, in na murɗa can mai zafi. Har yanzu da buta nake alwala, rabinta ya ishe ni. Jikata ta fari, 'yar shekara tara, wadda nake kira amaryata, takan tsaya tana wanke baki famfo yana ta zuba, in na yi magana ta ce, “Kai dai angon nan akwai rowa. Ruwan ma sai ka ƙirga? Ni na fasa auren.” In ce, “Ki fasa mana, wa zai ɗauki mace mai ɓarna?” Ta rufe famfon tana murguɗa baki. In na zauna da littafina ina rubutun ajami ta leƙo ta ce wai ni komai nawa a baibai yake, har rubutu ta dama nake farawa.

Haka na zauna cikin rufin asiri da godiyar Allah, har ranar da likitan nan ya kawo masu haƙa rijiyar burtsatse. Da safe na ji ƙugin inji, na fito na tarar da wata ƙatuwar mota ta ɗaga hanci sama a cikin gidansa. Na sa aka fito mini da kujera. Kwana biyu ina zaune ina kallon ikon Allah: ƙarfe yana juyawa yana nutsewa, in bututu ya ƙare a ɗaura wani, babu wanda ya tuɓe riga, babu wanda aka ɗaura wa igiya a ƙugu, babu uwar da ke tsaye daga nesa hannu a ƙirji. Na ce a raina, Allah Ya yi wa wanda ya ƙago wannan abu albarka, ko wane ne shi. Babban masu haƙar wani mutum ne mai fara'a, ɗan wajen Haɗeja. Na lura duk bututun da ya shige sai ya ɗebi ƙasar da ta fito ya tara 'yar tsibi a gefe, tsibi bayan tsibi a jere, kamar mai kasa tumatir. Na taso na bi layin da sandata ina karantawa: jar ƙasa, marmara, yumɓu, tsakuwa. Ya dube ni ya ce, “Baba, ashe ɗan gida ne.” Na ce na ɗan taɓa. Sai sandata ta tsaya a kan wata tsibi fara sol, mai laushi kamar gari. Ya ce, “Yawwa, ka ga munafukin nan. Farin rairayi. In ba a yi maza an zura masa bututu ba, sai ya rufta ya danne mana ƙarfe. Shi ya sa nake jera su. Duk wanda ya gamu da shi a aikinsa, dole ya faɗa wa wanda zai karɓe shi. In ka ɓoye, ka kashe na bayanka.” Yana faɗa yana dariya, bai san inda maganarsa ta sauka ba. Na koma kujerata, amma ban ƙara ganin injin ba.

A zamanin da na fara shiga rijiya, mu biyu ne yaran aikin wani dattijo da ake kira Baba Mai Rijiya, ni da abokina Iliyasu, wanda kowa ke kira Ilu. Tare muka yi karatun allo, tare aka yi mana kaciya, a akushi ɗaya muke cin tuwo. Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni fara'a, kuma Baba ya fi sonsa, kowa ya san shi zai gaji kayan aiki. Yadda ake yi, ɗaya ya shiga da ɗan gajeren dagi yana sara yana cika guga, na sama su ja, Baba kuwa yana zaune a bakin rami yana murza duk ƙasar da ta fito, wani lokaci har ya shinshina. Dokokinsa biyu ne, kuma kullum sai ya maimaita. Ta farko, rijiya ba ta son ciki: ka sara ƙasa sosai, kada ka kuskura ka rarake gefe. Ta biyu, wanda ya fito ƙarshe jiya shi ke fara shiga yau, domin shi ya san halin da ya baro ta. Akwai kuma al'adar da ta fi komai shiga ran saurayi. Duk wanda daginsa ya fara taɓo ruwa, mata za su rangaɗa masa guɗa, mai gari ya ba shi riga, a yi ta faɗin sunansa a dandali.

Muna haƙa wata rijiya a wani ƙauye ta wajen Dutsi, mun kai zurfin gaba goma sha ɗaya, sai aka aiko wa Baba da rasuwar ƙaninsa. Ya tafi bayan azahar, ya ce mu ƙarasa yinin mu jira shi gobe. Ni ne a ciki da la'asar. Ina sara sai na ji bangon gabas da sanyi a bayan hannuna. Zuciya ta ce mini ruwa yana nan kusa, kuma in na bari sai gobe, wataƙila a hannun Ilu zai fito. Na juya dagi na shiga raraken gefe, abin da aka hana ni tun ranar farko. Ban yi nisa ba na huda cikin farin rairayi. Ya fara zubowa siriri, shuu, kamar gari daga rariya, ba ya tsayawa. Na tattake wanda ya zubo don kada ya hau cikin guga a gani, na kwaɓa yumɓu da ruwan gorana na yaɓe wurin da tafin hannu, na girgiza igiya aka jawo ni. Ilu ya ce, “Yaya ƙasa?” Na ce, “Lafiya lau.”

Da gari ya waye Baba bai iso ba. Mutanen ƙauye suka taru, mata har da tuluna, suna cewa ai jiya an ga laima, a taimaka a shiga. Doka ta ce ni ne da shiga. Na kama ciki na durƙusa na ce murɗa yake yi mini. Ilu ya yi dariya ya ce, “Raggo! Tuwon dawar jiya ne, na ce maka ka rage loma. Kawo igiyar.” Na kwance ta daga ƙuguna na ɗaura masa da hannuna. Wallahi bakina ya buɗe zan ce masa ya kula da gabas, sai na ga in na faɗa, na tona wa kaina asiri. Na yi shiru. Muka zura shi. Bai daɗe da sauka ba muka ji wani dum, kamar an yar da buhun hatsi daga kan rumbu, ƙura ta taso ta bakin rijiyar, igiya ta yi nauyi a hannunmu.

Allah Ya sa daidai lokacin Baba ya iso. Tsohon nan ya tuɓe ya shiga da kansa, ya tone shi da hannu, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Aka fito da shi a sume, cinyarsa ta dama ta karye wuri biyu. Da Baba ya fito ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, “Ba kai ne da shiga ba? Wa ya ce ya shiga? Wa ya rarake mini gefe?” Kafin in yi motsi wani mutumin ƙauyen ya ce, “Ai yaron ne da garaje. Karɓe igiya ya yi, shi yana son riga.” Baba ya girgiza kai ya ce, “Garaje ba ƙarfi ba ne.” Ni kuwa ina tsaye, na ji, ban ce uffan ba. Shirun nan bai fi na numfashi uku ba, amma shi na yi ta ja har tsufa.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke a gajarce. Kafin Ilu ya tashi daga jinya sunan ya riga ya bi gari: Ilu Garaje. Baba bai sake ɗaukarsa ba, ya ce wanda ya karya doka sau ɗaya zai kuma. Ni na gaji dagi da igiya, ni aka riƙa kira ƙauye-ƙauye, da zamani ya juya na koma yin rijiyoyin siminti, da abin da na samu na sa yaron nan a makaranta har ya zama abin da ya zama. Ilu ya zauna a ƙofar gida yana tufkar igiya da saƙar tabarma. Gidansa ya zama gidan Garaje, 'ya'yansa 'ya'yan Garaje. Bai taɓa ce mini komai ba. Ranar sunan ɗan farina shi ya raba goro. Nakan kai masa hatsi da kaka, in yi masa ɗinki da salla, ina lallashin zuciyata da cewa ai ina yi. Ranar da zan taso Kano na bi gida-gida ina bankwana, da na zo wurinsa na faɗi abin da kowa ke faɗa: a yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na tafi ina cewa shi ke nan, an wanke. Amma a kan kujerar nan, ina kallon 'yar tsibin farin rairayi, na san ƙarya nake yi wa kaina. Na yi karatu gwargwado, na san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da dunƙulalliyar magana alhali mai ita ya san abin da ya dunƙule. Na waiwaya na dubi gidan yaron nan, da bene, da tankin ruwa, da kekunan jikokina a jingine, na ga duk alheri ne daga Allah, amma ƙofar da ya biyo ya same ni, da ƙafar wani aka tokare ta.

Sau uku ina fara rubuta wa Ilu wasiƙa ina yagewa. Daga baya na ce wa yaron nan ina son zuwa gida ranar Juma'a. Ya ce, “Lafiya, Baba? Ko wani abu aka yi maka a nan?” Na ce, “Babu abin da aka yi mini sai alheri. Alherin ne ma ya yi yawa, ya hana ni sakat.” Bai gane ba, amma yaro ne mai kunya, bai ƙara tambaya ba. Muka kama hanya da sassafe, muka wuce Daura rana ba ta yi zafi ba, kafin hantsi ya gama muna ƙauye.

Na sami Ilu inda na bar shi, a gindin bangon zaurensa, ya miƙe gajeriyar ƙafar, ya maƙale kaba a babban yatsa yana tufka. Da ya hango ni ya ce, “A'a! Bakano! Dubi yadda ka yi fari. Ruwan famfo ke nan? An ce har ban ɗaki a zaune kuke yi kamar masu sarauta.”

Na ce, “Kai dai ba ka rabuwa da tsiya.”

“Tsiya ai gado ce. Zauna mana, ko tabarma ta fi ƙarfinka yanzu?”

Na zauna. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi nawa. Sai na ce, “Ilu, magana na zo da ita, kuma ina so ka bar ni in kai ƙarshenta.” Ya ajiye kabar. Na faɗa masa duka, tun daga sanyin bangon gabas har ciwon cikin ƙarya. Ban rage komai ba. Ina magana ina kallon ƙasa, da na gama na ɗago, na ga yana kallona kamar mai kallon yaron da ya daɗe yana koyon tafiya.

Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Ka san ka shiga a madadina. Rarake da yaɓen fa?”

“Na ce maka na sani. Ƙafata tana taɓa ƙasa na ga yaɓen. Ga shatin yatsunka biyar kwance a jikin yumɓu, har da ɗan karkataccen nan naka. Na ɗaga kai zan ce a ja ni, sai ƙasa ta rufto.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa? Shekara hamsin, Ilu!”

Ya ce, “In faɗa wa wa? Kafin in san inda kaina yake an riga an raɗa mini suna. In na buɗe baki, cewa za a yi gurgu yana neman wanda zai jingina da shi. Irin wannan magana a bakin mai ita take da daraja. Na ce bari in jira ka, ai tare muka yi karatu, za ka zo. Ban dai san nawarka ta kai haka ba. Ni aka ce wa Garaje, kai kuwa da ana adalci Malam Nawa za a sa maka.”

Ya yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Na ce ya faɗi duk abin da yake so. Na ce akwai likita a maƙwabtanmu, akwai asibitin ƙashi a Kano, yaron nan zai ɗauki nauyin komai. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Ƙafa ta riga ta tafi, ni da ita mun saba. In aka miƙe ta yanzu ma ban san yadda zan taka ba. Hatsinka kuma na ci, Allah Ya saka. Amma bari ka ji. Rannan jikana ya kawo mini takardar makaranta, na ce ya karanta mini sunansa. Ya ce Sani Musa Garaje. A takardar gwamnati, ka ji? Yaron da bai san ko bakin rijiyar ba. Wannan ne nake so ka cire mini. Ba a nan ba, ni ai na ji. Inda aka sa mini shi, a gaban mutane.”

Bayan an sallame Juma'a, kafin jama'a su watse, na miƙe a ƙofar masallaci na roƙi liman ya ba ni dama. Liman yaro ne a kanmu, sa'an ɗana ne, bai taɓa sanin Ilu da wani suna ba. Akwai dattawa uku ko huɗu da suka san zamanin, akwai 'ya'yan Ilu, ga kuma nawa ɗan a tsaye a baya. Shi na fi jin nauyi. Na dogara da sanda na ce, “Jama'a, ku shaida. Mutumin nan da kuke kira Garaje bai taɓa yin garaje ba. Ni na rarake rijiya don kwaɗayin riga, ni na ɓoye, ni na yi ƙaryar ciwo na tura shi, aka ɗora masa ina tsaye na yi shiru. Sana'ar da na ci, tasa ce. Sunan da kuke kiransa, nawa ne.” Wani tsoho ya ce, “La'ilaha illallahu.” Babban ɗan Ilu ya dube ni, ya dubi ubansa, ya juya fuska ga bango. Ban iya waiwayawa na ga nawa ba, sai dai na ji hannunsa ya riƙe mini gwiwar hannu, bai kuwa saki ba.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, “To, Malam Iliyasu, ka ji abin da ɗan'uwanka ya faɗa. Me ka ce?”

Ilu yana zaune a ƙasa, ya karkata kai ya sa hannu a bayan kunne. Ya ce, “Liman, sake faɗa.”

“Na ce ka ji abin da…”

“A'a, ba wannan ba. Sunan.”

Liman ya ɗaga murya yadda na bayan sahu za su ji, ya ce, “Malam Iliyasu.”

Ya lumshe ido. Sannan ya ce, “Ku shaida, na yafe masa duniya da lahira. Babu sauran komai tsakanina da shi.” Ya miƙo mini hannu daga inda yake zaune ya ce, “To, tsaya kallona za ka yi? Ja ni in tashi.”

Na ba ɗana sandar, na kama shi da hannu biyu, na ja.